Rabon Gida da Rabon Watanda

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Ɗan Kaka, sabon mushe, wato malamin makarantar ƙauyen da ke bayan Tagriss.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka lafiya, motar ba ta karya maka ƙugu ba, kuma mutanen garin sun karɓe ka hannu biyu. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙon ruwa, ya haɗa ka da maƙwabta na kirki, ya sa ka kwanta lafiya ka tashi lafiya. Mu nan sai godiya. Labarin gida ba zan ba ka ba, ƙannenka suna da tarho, bakinsu kuma ba ya ciwo.

Na san za ka juya takardar nan ka duba bayanta, ko kuskuren suna aka yi. Ba a yi ba, ni ce. Kai ɗan fari ne, tun da aka yaye ka kakarka ta ɗauke ka, ko sunanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in yi maka dogon zance. In mun haɗu a tsakar gida, kai ka duƙa ka gaishe ni, ni in amsa ina kallon tukunya. Haka muka tarar ana yi, ban kuma ce a sake ba. Amma takarda ba ta kallon mutum, shi ya sa na laɓe a bayanta in faɗi abin da ke bakina.

Ƙanwarka Rakiya ta faɗa mini maganar da kuka yi ranar da kake ɗaure kaya. Kada ka kira ta ka yi mata faɗa, ni na matsa mata, don na ga tana wanke kwano ɗaya har yana neman hujewa. Ta ce lokacin da kuke sitaj, gwajin koyarwa, a Maraɗi an ba ka darasin kashi, abin nan na rabi da sulusi da rubu'i. Ka tsaya gaban yara ka yi bayani har muryarka ta dushe. Da ka tambaye su wanne ya fi girma, ɗaya bisa huɗu ko ɗaya bisa takwas, kilas duka ya ce na takwas, sannan wata ƴar yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama. Ta ce ka ce in darasin nan ya sake kayar da kai a can, za ka ajiye alli ka bi abokanka Aljeriya neman aikin ƙarfi, wai kai ba a halicce ka don koyarwa ba.

Da na ji, sai da na shiga ɗaki na yi dariyata ni kaɗai. Ba kai nake yi wa ba, darasin nake yi wa, don tsohon abokin kokawata ne. Ya kayar da ni gaban yara, ya kayar da ni gaban manya, amma ga shi na tsufa da alli a yatsuna har gwamnati ta ce in je gida in huta. To gyara zama, in ba ka labarin faɗuwar da na sha. Ba sauri nake ba.

Aikina na farko wani ƙauye ne a gefen Kornaka, kilas na zana, in iska ta taso sai manyan yara su miƙe su riƙe mana rufi. Ina yarinya a lokacin, kaina cike da abin da aka koya mana. Ranar darasin na zana da'ira kyakkyawa a tabulo, babban allon kilas, da bakin kwano na fitar da ita. Na tsaga ta biyu, na cika gefe ɗaya da alli, na rubuta ɗaya bisa biyu, na faɗi sunansa da Faransanci, na ce su maimaita. Ka san yaranmu, in dai maimaitawa ce har masu jan ruwa a rijiya sai sun jiyo. Na tsaga ta huɗu, suka maimaita. Suka kwafa a ardwaz, ƙananan allunansu, suka ɗaga, duk daidai. Na koma gida ina taku kamar wadda aka naɗa wa sarauta.

Bayan ƴan kwanaki na miƙa wa wani yaro mai suna Isa karan hatsi, na ce ya ba ni ɗaya bisa biyu. Ya dubi karan, ya dube ni, ya dubi tabulo.

Ya ce, "Madan, wannan ai ba zagaye ba ne."

Na ce, "To sai me?"

Ya ce, "Abin nan da kike nema a cikin zagaye yake."

Shi a wurinsa ɗaya bisa biyu wata dabba ce da ke zaune cikin da'irar alli, ba ta fita waje. Kuma yaron nan, a lokacin shan iska na wannan safiyar, da idona na gan shi ya karya rake a gwiwa, ya gwada tsayin gutsattsarin biyu, ya miƙa wa abokinsa ɗaya. Rabin yana hannunsa tun daga gida, ni ce na ɗauke shi na rataye a tabulo inda ba ya kai wa.

Don haka abu na farko, Ɗan Kaka, a darasin nan hannu ne ke gaba, baki ya biyo, alli ya zo ƙarshe. Su karya, su naɗe, su yanka, su gwada. In sun yi, su faɗa maka abin da suka yi da harshen da suke faɗa da shi a waje. Sai abin ya zauna sannan ka ba shi sunansa na lakwal, wato na makaranta, sannan ka rubuta. Ni daga wutsiya na faro, kuma daga abin da Rakiya ta faɗa, kai ma daga nan ka faro. Gado ne, ba laifinka ba.

Da na gane haka sai na ce, hannu ne ko? To za ku ga hannu. Ranar kasuwa na sayo cuku, irin faffaɗan nan mai kusurwa huɗu da matan makiyaya ke kawowa. Na kasa yara huɗu-huɗu, na ba kowane gungu guda ɗaya, na ce a raba shi kashi huɗu, kowa ya ɗauki nasa. Na koma gefe na harɗe hannu ina jiran nasara.

Da na zagaya, ko gungu ɗaya bai yi abin da nake so ba, kuma duk kuskure iri ɗaya suka yi, kamar sun haɗa baki. A kowane gungu akwai babban yanki, da mai bi masa, da mai bi masa, da ɗan ƙarami. Babban yana hannun wanda ya fi shekaru, ƙaramin yana hannun ƙaramin yaro. Babu faɗa, babu kuka, kowa na riƙe da nasa yana murmushi yana jiran in yaba.

Na tsaya kan wani gungu da ke da ƴan'uwa biyu, Balki babba, da ƙanwarta Sa'a, wata ƴar mitsitsiya mai kaifin ido. Na ce, "Sa'a, wannan rabon daidai ne?"

Ta ce, "Daidai ne, Madan."

Na ɗora nata bisa na Balki, na ce, "Duba da kyau. Girmansu ɗaya?"

Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa baƙon da bai san gari ba. Ta ce, "Madan, ai Yaya ce."

"Na ce kashi huɗu masu girma ɗaya."

"In na ɗauki irin na Yaya, Inna za ta ji."

Balki ta gyara kallabi ta ce, "Ni ban ce mata komai ba, Madan. Ita ta san kanta."

A nan na yi abin da bai kamata ba. Na ɗaga murya na ce duk sun faɗi, wannan rabon banza ne, a lakwal ba a yin haka. Na karɓi wuƙa na daidaita musu da kaina. Ƙananan suka riƙe nasu kamar kayan sata. Ina juya baya na hango Sa'a ta gutsiri kusurwar nata ta tura wa Balki ta ƙarƙashin benci, sannan ta sami natsuwar ci.

Da yamma ina raba naman miya a gida. Na zaɓi tsoka babba na sa a kwanon babanku, mai bi mata na sa wa ƙanensa da ke zaune da mu, na gangaro har kan ƙaramin gidan da ya sami ƙashi da ɗan abin da ke jikinsa. Ludayi na hannuna na tsaya. Rabon da na kira na banza da safe, shi hannuna ke yi tun ina ƴar yarinya, kuma kakata ce ta koya mini shi da ranƙwashi. Yaran nan ba kuskure suka yi ba, tarbiyya suka nuna mini, na yi musu tsawa.

To yanzu ya zan yi? Lissafi ba ya karɓar babban rabi da ƙaramin rabi, gida kuma ba ya karɓar ƙanwa ta yi kai ɗaya da yayarta. Na kwana biyu ina juya abin. Sai aka zo gab da Sallah, babanku da mutanen unguwa suka yi watanda, suka haɗu suka sayi sa, aka yanka a bayan gidanmu. Na sha ganin watanda tun ina bin kakata da kwano, amma ranar na tsaya na kalle ta da idon mai neman mafita. Aka kasa nama tsibi-tsibi bisa ganye. Wannan ya ɗauke ƙashi daga nan ya kai can, wancan ya yanko kitse ya ƙara nan, ana gardama ana dariya, har aka rasa wanda zai ce ga tsibin da ya fi. Sannan mutum ɗaya ya juya baya, wani ya ɗora sanda kan tsibi ya ce, "Na wa ne wannan?" Mai juya baya ya kira suna. Liman ya ɗauki nasa, saurayin da ko gemu bai fara ba ya ɗauki nasa, girma ɗaya, kuma babu wanda ya ce an yi rashin kunya. Ashe muna da rabon daidai a garinmu, da sunansa da ƙa'idarsa, ni ce na tafi nemansa cikin littafi.

Da aka koma lakwal na sa aka ɗebo yumɓu daga bakin tabki. Na ce, "Yau watanda za mu yi. Kowane gungu ya gina sansa." Kada ka yi wannan gangancin ba tare da ka sa musu iyaka ba, don rabin safiya ya tafi a gyaran ƙaho da tozo. Wani gungu har da igiya a hanci. Da ƙyar na sa aka yi bisimilla aka yanka, aka murje kowane sa ya zama mulmulalle mai tsawo, aka tsaga shi huɗu da tsinken kara. Na ce kafin kowa ya taɓa, mutum ɗaya zai juya baya ya kira suna.

Ka ga aiki ranar. Tun da babu wanda ya san wanne zai faɗo masa, kowa ya zama alƙali. Suna jera yankuna, suna gwadawa, suna gutsira nan su liƙa can. Wadda ta fi kowa tsanani ita ce Sa'a. Na ji ta tana ce wa yayarta, "A'a Yaya, wannan ya fi, a rage." Balki ta harare ta, ta ce, "Ni kike faɗa wa?" Sa'a ta ce, "Watanda ce, Yaya." Balki ta yi dariya ta rage.

Sai a lokacin na ce musu, kowane tsibi da kuke gani sunansa ɗaya bisa huɗu, wato kashi ɗaya cikin huɗu masu girma ɗaya. In wani ya fi wani, babu mai wannan suna a cikinsu. Na rubuta a tabulo, suka dubi rubutun, suka dubi yumɓun da ke hannunsu, na ga kawuna suna gyaɗawa ba tare da na ce a gyaɗa ba.

Wannan shi ne babban abin da na ɗauki alƙalami dominsa. Ka gaya wa yaranka rabo iri biyu ne, na gida da na watanda, kowanne da wurinsa, kuma babu na banza a ciki. Ni har na bar aiki, kafin a raba komai a kilas ɗina sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Madan, na gida ko na watanda?" In ka zagi rabon gida, uwar yaro ka zaga, kuma tsakanin uwarsa da mushe ka san wanda zai zaɓa. Can inda kake ƴaƴan makiyaya sun fi yawa, wataƙila suna da wata hanyar tasu ta rabon daidai, a bakin rijiya ko wajen nono. Ka tambaye su kafin ka kai musu tamu. Za su faɗa maka, har su yi maka gardama a kai.

Yanzu bari in ba ka wadda babanku yake tsokanata da ita har gobe. An aiko cewa ansifekta, mai duba makarantu, zai zo ya ga darasina. Na ce to, yau zan nuna gwaninta. Na soya wainar masa manya-manya tun da asuba, na jera ɗaya a gaban kowane gungu, na ce kada wanda ya taɓa sai na dawo. Rana ta ɗaga, yawancin yaran kuma da ɗan koko suka fito daga gida. Na fita tarbar baƙo a bakin lakwal. Ka san gaisuwarmu, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ina Maraɗi, ga diraktan lakwal ɗinmu shi ma yana ƙara tasa. Da muka shigo, tebura fes, ko ɓurɓushi babu. Bakuna duk suna ƙyalli.

Na ce, "Ina kayan aikina?"

Isa ya miƙe ya ce, "Mun rage miki aiki, Madan. Mun raba."

Ansifekta, wani dogon dattijo mai tabarau, ya matsa kusa da shi ya ce, "Kai me ka ci?"

Isa ya ce, "Ɗaya bisa huɗu, Mushe. Na watanda. Ni na juya baya."

Dattijon nan ya cire tabarau yana share hawayen dariya. Ya bi gungu-gungu yana tambaya, wani gungu mai mutum uku suka ce su ɗaya bisa uku suka ci, kuma nasu ya fi na kowa. Ni kuwa na kwance kallabin da ke kafaɗata, muka ƙarasa darasin da naɗe shi biyu, da huɗu. Allah ya rufa asiri, amma kada ka dogara da irin wannan sa'ar. Ka yi aiki da yumɓu, da igiya, da kara, da tsohuwar takarda, abubuwan da ba sa kiran ciki. In akwai abin ci, ka ɓoye shi sai ƙarshe, ya zama shi ne jarrabawa kuma shi ne lada.

Saura wadda ta kayar da kai, huɗu da takwas. Kada ka ga laifin yaran. Shekara guda ko biyu muna koya musu takwas ta fi huɗu, muna yaba musu in sun faɗa, rana ɗaya mu zo mu ce an juya. Ni da farko doka na ba su, in lambar ƙasa ta yi girma kashi ya ƙanƙance. Suka haddace, suka rera, aka kwana aka tashi ta bi iska.

Sai na ce a aro mini tabarmi uku daga cikin gari. Zan zaunar da mutum biyu a ɗaya, huɗu a ɗaya, takwas a ɗaya, jikinsu ya gaya musu gaskiya. Dabara mai kyau, sai dai ban ce a aro masu girma ɗaya ba. Aka kawo wata ƴar ƙarama ta salla, da matsakaiciya, da wata shirgegiya daga zauren mai gari wadda sai da mutum biyu suka ɗauko. Ni kuma, da hankalina, na dubi yawan mutane na ba ƴan takwas babbar, na ba ƴan biyu ta salla. Ƴan takwas suka miƙe ƙafa har da mai kishingiɗa, ƴan biyu suna ture juna da gwiwar hannu. Na ce, "To, wa ya fi samun wuri?" Isa daga kan tabarmar mai gari ya ce, "Ai dama mun faɗa miki, Madan, takwas ta fi." Da hannuna na shirya hujjar da ta ƙaryata ni.

Washegari na samo tabarmi uku daga hannun masaƙi ɗaya, na sa yaran da kansu suka ɗora su bisa juna suka tabbatar babu wadda ta fi. Kowane gungu ya shata iyakokinsa da kara, kowa ya shiga gonarsa ya zauna. Ƴan biyu kamar sarakuna. Ƴan huɗu babu laifi. Ƴan takwas kuwa gwiwa a haɓa, wani mai jiki ya rasa inda zai sa rabin mazauninsa, maƙwabcinsa na kuka an shigo masa gona. Na ce, "Wa ke son ya koma tabarmar mutum biyu?" Hannuwa takwas suka tashi, mai jikin har da ƙafa. Ka riƙe wannan, kafin a gwada kashi da kashi, a fara tabbatar da abin da aka raba girmansa ɗaya ne, kuma yaran ne za su tabbatar, ba kai ba.

Da suka gaji da dariya na zaunar da su na yi musu tatsuniya, don ni da ita aka raine ni, kuma ban taɓa ganin yaron da ya ƙi ta ba. Na ƙirƙiro musu kura da dila sun tsinci mushen akuya. Dila ya ce, "Ranki ya daɗe, kashi ɗaya cikin biyu kike so, ko ɗaya cikin takwas?" Kura ta ƙirga a faratanta, ta ga takwas ta cika ƙafa biyu, ta ce ita babba ce, babbar lamba za a ba ta. Dila ya yi fito, matarsa da ƴaƴansa biyar suka fito daga bayan geza, aka yi watanda, kura ta tashi da kunne da ɗan wuya. Ni na yi muryar kura, na yi tafiyarta, na zauna ina lasar kunnen akuya ina ƙirga faratai ina neman inda aka cuce ni. Daga ranar, in wani ya ce ɗaya bisa takwas ya fi, sai ka ji ƴan'uwansa sun yi kukan kura a hankali, shi ma ya yi dariya ya gyara. Ka yi musu taka, kakarka ta cika maka kunne da su, na sani, ta bangon ɗaki nake jiyo ku.

Game da yarinyar da ta yi maka dariya a Maraɗi, ni da ina wurin alewa zan ba ta. Tana kallonka, tana saurare, shi ya sa ta ga abin dariya. Kilas ɗin da ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda ba ya dariya, sai maimaita abin da ka faɗa, irin nawa na farko. Ranar darasin nan za a yi surutu, za a ɓata riguna da yumɓu, diraktan zai leƙo ya ga ko gobara ce. Ka gaishe shi ka ba shi tsinken kara ya yanka.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kowane yaro a gungu ya sami aikinsa, mai yanka, mai gwadawa, mai nuni, mai juya baya, kuma a riƙa sauyawa, in ba haka ba mai ƙarfin baki zai riƙe wuƙa har shekara ta ƙare. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ɗan Fulani ko na Abzinawa, ka sa shi kusa da mai jin harshensa, ka ba shi aikin gwadawa, za ka ga idonsa ya riga bakin kowa. Kada ka kwashe komai rana ɗaya. Rabi da rubu'i abokan juna ne, naɗi ɗaya da naɗi biyu. Sulusi mai taurin kai ne, ka ba shi ranarsa shi kaɗai da guntun igiya, su yi ta ja suna sassautawa har lanƙwasa uku su daidaita. In darasin ya watse, kuma wata rana zai watse, ka wanke hannu ka ci tuwo, yumɓu bai ƙare a tabki ba.

To, maganar Aljeriya. Ba zan ce maka kada ka je ba, kai namiji ne, kuma ba a gabana aka yi zancen ba. Abin da na sani shi ne, mutumin da kilas ya yi wa dariya ya kwana yana jin zafin yaran ba su gane ba, irinsa ake nema a gaban tabulo. Wanda ba a halitta don aikin ba barcinsa yake yi. Ka ba darasin nan dama ya kayar da kai kamar yadda ya kayar da ni, sau uku ko huɗu, sannan mu yi magana. Kafin nan ba na son ganin ƙafarka a nan gida Dakoro sai hutu ya zo, kuma in ka zo, ka zo da labarin taka faɗuwar, ina da bukatar sabuwar dariya.

Za ka ga wani ɗan ƙulli cikin leda tare da takardar nan. Shekaranjiya babanku ya shigo da cuku daga kasuwa, na zauna zan raba wa yara kamar kullum. Na karya, na miƙa wa Rakiya, na miƙa wa sauran ukun, sai na ga saura ɗaya a cinyata. Hannuna bai san kun koma huɗu ba, biyar ya karya. Ƙannenka suka zuba masa ido, Rakiya ta ce a yi watanda da shi. Na ce a'a, yana da mai shi, kuma tun da na hana shi zuwa ya karɓa, sai ya bi shi can.

Ka ci kai kaɗai, ka jiƙa shi a shayi in ya yi tauri. Amma kada ka kai shi kilas ka ce ga ɗaya bisa biyar, yaran za su kama ka. Ya fi sauran girma nesa ba kusa ba. Rabon gida ne.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka lafiya da haƙuri, ya sa yaran mutane su amfana da kai, ya buɗe maka bakinsu da zukatansu. Allah ya raba ka da sharrin dare da na rana, ya dawo mana da kai lafiya lokacin da ya dace. Babanku yana sa maka albarka. Ka gaishe da diraktanka da mai masaukinka.

Wassalam.

Daga wadda take amsa gaisuwarka tana kallon tukunya.